Hoto ɗaya ba zai riƙe maka zauren kakanka ba

Wani matashi daga cikin birnin Katsina ya aiko da tambaya. Zauren gidan kakansu, ginin ƙasa mai ɗaurin guga da zankwaye, ya tsage a daminar bara, dangi kuma sun tsayar da magana za a rushe shi a ta da na bulo kafin ruwa ya sake sauka. Abin da ke hannunsa tsofaffin hotuna uku ne na gaban zauren da wayar Android. Ya ga ana nuna manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda ake ba su hoto ɗaya su fito da abu a siffar 3D, ana jujjuya shi ta ko'ina. Yana so ya sani ko zai iya adana zauren ta wannan hanya, yadda wata rana in Allah ya hore za a iya gina irinsa.

Ƙanina, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da wannan tun ginin yana tsaye. Galibi sai an kwashe ƙasar an cike kududdufi da ita sannan ake zuwa wurina da hoto ɗaya a hannu, ana cewa a yi wani abu. Aikin safiyo nake yi, awon filaye da gine-gine, kuma na jima ina haɗa siffar gini daga hotuna. Za ka iya abin da kake so, da wannan wayar taka ma. Sai dai ka ajiye tsofaffin hotunan nan gefe tukuna, ka ajiye manhajar hoto ɗaya ita ma. Zauren yana nan, shi za ka je ka ɗauka.

Abubuwa biyu ne ake tallarsu da suna ɗaya, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Ɗaya awo yake yi, ɗaya kintace.

Na awon tsoho ne, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1858 wani Bajamushe masanin zanen gini, Albrecht Meydenbauer, ya kusa faɗowa daga sama yana auna wata tsohuwar majami'a a garin Wetzlar, daga nan ya shiga tunanin yadda za a auna gini da hoto ba sai an hau ba. Sunan da ake kiran aikin da shi yau, fotogirametiri, a 1867 ya fito. Ma'anarsa awo da hoto. Tushen dabarar ka san shi ko ba a faɗa maka ba. In kana mota a hanyar Daura, itatuwan bakin titi suna wuce ka a guje, waɗanda ke can cikin gonaki a hankali suke tafiya, na nesa sosai kuwa kamar ba sa motsi. Gwargwadon yadda abu ya gusa a idonka in ka canza wuri, gwargwadon kusancinsa ke nan. Manhaja tana duba hotonka na farko ta tsinci dubban tabo, wata tsaga a yaɓe, ƙwayar tsakuwa, ramin zanzaro, sannan ta nemi waɗannan tabon a hoto na biyu da na uku. Daga yadda suka gusa take lissafa inda ka tsaya lokacin kowane hoto da inda kowane tabo yake. Abin da ke fara fitowa tarin ɗige-ɗige ne a sarari, kamar gari da aka watsa ya tsaya cak a iska da kamannin gini. Sai ta haɗe ɗigon da ƙananan kusurwoyi uku-uku su zama raga, ta yanko launi daga hotunanka ta lulluɓa wa ragar. Duk inda kyamararka ba ta gani ba, rami za ka tarar a wurin. Ramin nan ba ya da kyan gani, amma gaskiya yake faɗa maka.

Na kintacen shi ne sabon da ka gani. A ƙarshen 2022 kamfanin OpenAI ya saki irin wannan manhaja mai suna Point-E. A watan Maris na 2024 Stability AI da Tripo suka fitar da TripoSR, wadda ke ba da siffa daga hoto ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa guda a kan babbar kwamfuta. Bayanta Microsoft suka kawo TRELLIS, Tencent suka kawo Hunyuan3D, ga Meshy da ire-irenta a intanet. Ba na raina su, aiki ne mai ban mamaki. Amma ka tambayi kanka: hoton gaban zaure ba ya ɗauke da bayansa, to daga ina manhajar ta samo bayan? Daga abin da aka horar da ita a kai. An nuna mata ɗimbin siffofin 3D da mutane suka zana ko suka ɗauka, har ta koyi cewa abu mai irin wannan gaba yawanci ga irin bayan da yake da shi. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan da masu bincike ke horarwa da shi, Objaverse, yana da abubuwa kusan 800,000, wanda ya biyo bayansa kuma ya haura miliyan 10. Kujeru ne, da motoci, da takalma, da dodannin wasan kwamfuta, da gidajen Turai. Ka ƙiyasta da kanka zaurukan Katsina nawa ne a ciki.

Na taɓa gwadawa don in gani da idona. Na ba wata daga cikinsu hoton wani soro da na riga na auna da hannuna. Gaban ya fito tsaf, har da dagin da ke saman ƙofa. Da na juya shi, sai ga bayan a shafe sumul kamar sabulun wanka, indararo biyu sun ɓace, zankwayen sun koma kamar kunnen zomo, ciki kuwa babu shi sam, dunƙule ne kamar curin fura. Wanda bai san soron ba zai ce ma sha Allah. Abin da ya fi damuna ke nan game da ita: ba ta nuna maka inda gani ya ƙare shaci-faɗi ya fara, duka da launi ɗaya take shafe su. In kafinta ne yake so ya nuna wa mai saye yadda gado zai kasance, ko yaro mai haɗa wasan kwamfuta yana neman tulu da kujera 'yar tsugunno da zai jefa cikin fage, wannan ta ishe su, ta ma rage musu aikin kwana biyu. Kai kuwa kana neman abin da magini zai duba ya ce faɗin katanga kaza ne, bakan gizo ya tashi daga nan ya haɗu a can. Wannan sai awo.

Abin farin ciki shi ne ginin ƙasa yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin ɗauka. Yaɓen hannu cike yake da tabo, sawun yatsu, ɗigon makuba, ƙaiƙayi da ya leƙo, ga shi ba ya ƙyalli. Abokan gabar wannan aiki su ne gilashi, da kwanon samira, da tayil mai sheƙi, da bangon siminti da aka yi wa farin fenti fes, saboda manhaja ba ta samun abin kamawa a jikinsu. Gidan bulon da za a gina a gurbin zaurenku zai fi shi wuyar ɗauka, abin dariya abin takaici.

Lokacin ɗauka ya fi tsadar waya muhimmanci. Rana tsaka tana jefa inuwa mai kaifi, inuwar kuma tana tafiya kana aiki, sai manhaja ta ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na bango. Ka fita bayan asuba da gari ya waye sosai amma rana ba ta take ba, ko ranar da hazo ya rufe sama. Hunturun da kowa ke kuka da shi, mu masu wannan aiki alheri ne gare mu, domin yana baza haske daidai a ko'ina. Ka dai riƙa goge idon kyamara, ƙura ba ta jin magana.

Kafin ka danna komai, ka shimfiɗa tef ɗin awo a ƙasa gaban ƙofa, a buɗe mita biyu, ka danne shi da dutse, kada ya motsa har ka gama. Hoto bai san girma ba. A wurin manhaja, zaure da ɗan akwatin ashana mai kamannin zaure duk ɗaya ne, sai ka nuna mata wani abu da ka san tsawonsa. Bayan haka ka auna wurare biyar ko shida da hannu ka rubuta a takarda: faɗin ƙofa, tsayinta, kaurin katanga a bakin ƙofa, tsawon ɗakin da faɗinsa daga ciki, da tsayi daga ƙasa zuwa tsakiyar rufi. Da su za ka kama manhajar in ta yi kuskure. Wayoyin iPhone masu sunan Pro, daga 12 Pro ta 2020 zuwa sama, suna da na'urar LiDAR mai auna nisa da haske, tana kaiwa kamar mita biyar, tana kuma ba da girma kai tsaye. In wani a dangi yana da ita ka ara don cikin zauren. In babu, tef ya wadatar.

Yanzu ɗaukar kanta. Kada ka tsaya wuri ɗaya kana juyawa kamar mai kallon hawan sallah, wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke fara yi. Ƙafarka ce za ta yi tafiya. Ka fuskanci bango, ka ɗauka, ka gusa gefe taki ɗaya, ka tsaya cak, ka sake ɗauka. Kowane hoto ya maimaita kamar kashi 70 cikin 100 na wanda ya gabace shi, yadda kowane tabo zai fito a hotuna uku ko fiye. In ka zo kusurwa ka ƙara yawan hotuna, ka zagaye ta a hankali, domin a nan zaren ke tsinkewa manhaja ta kasa gane bangon gabas da na arewa gini ɗaya ne. Ka yi zagaye ɗaya daga nesa yadda ginin duka zai shiga, ɗaya daga kusa, sannan ka koma wa zanen ƙofa da zankwaye ka yi musu nasu na musamman. Kada ka taɓa zum, kada ka kunna fitilar kyamara, ka kashe duk abin da ke gyara fuska ko dusashe baya. Hoton da ya girgiza ka goge shi nan take. A zaure matsakaici, ni nakan tashi da hotuna 200 zuwa 300 a waje kawai. Za ka ga kamar sun yi yawa, amma ranar da aka sa diga ba sauran komawa a ƙaro.

Yara za su taru, wannan babu makawa. Ka samu wani babba ya riƙe maka su a bayanka, a ɗaure akuya, a janye babur daga jikin bango. Duk abin da ya motsa tsakanin hoto da hoto fatalwa yake zama a cikin siffar.

Sama ita ce matsala. Daga ƙasa ba ka ganin bayan rawanin ginin, ba ka ganin tulluwa da bakin indararo. Kada ka hau rufin da ya tsage, don Allah. Kada kuma ka yi saurin neman ɗan jirgin nan maras matuƙi: tashinsa a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kuma a halin da jiharmu take ciki ba abin da za ka tayar a tsakiyar unguwa ba ne ka zauna lafiya. Doguwar gora ta ishe ka. Ka ɗaure wayar a kanta da kyau, ka sa ta ɗaukar bidiyo ko ta riƙa ɗaukar hoto da kanta, ka zagaya a hankali. In maƙwabci yana da bene ka nemi izini ka ɗauka daga can. Ka sanar da maƙwabta kafin ka ɗaga gorar nan, waya a saman katanga tana leƙa cikin gidajen mutane, kuma ba ka son a kai ƙararka wurin mai unguwa a kan aikin alheri.

Cikin zauren shi ne wurin da zan so ka fi daɗewa, domin a nan gwanintar maginin take. Bakan gizo ba tubali kaɗai ba ne, azara ce ake jerawa hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa har ɓangarorin su haɗu a sama. Lanƙwasar da ta fito ba ta compass ba ce, ta idon mai ginin ce, kuma ita ce manhajar kintace ba za ta taɓa ba ka daidai ba. Matsalar ciki duhu ne, ga ƙofa tana zubo haske mai kashe ido. Ka sa labule a ƙofar, ka kawo fitilun sola uku ko huɗu ka ajiye su a kusurwoyi, kada ka motsa su sai an gama. Ka bi jikin bango kana ɗaukar bangon da ke fuskantarka, sannan ka sake zagayawa kyamara na kallon rufi. Na taɓa yin asarar yini guda a wani ɗaki da aka shafe da farar ƙasa, rufin ya fito da ɓuli kamar rariya. Tun daga ranar nake yawo da alli mai launi. Tunda naku rushe shi za a yi, ka ɗiɗɗiga alamomi a duk inda bango ya yi fari fat. A ƙarshe ka ratsa ƙofar a hankali kana ɗauka taki-taki daga waje zuwa ciki, waɗannan hotunan ne za su ɗinke ciki da waje su zama gini ɗaya.

Wace manhaja? A waya akwai Polycam, da KIRI Engine, da RealityScan, da Scaniverse. Yawancinsu suna tura hotunan can wurin kwamfutocinsu a haɗa a dawo maka da shi, don haka ka tanadi data, hotuna 300 suna iya haura gigabayit guda. Na kyauta sukan iyakance yawan hotuna ko su hana ka sauke fayil sai ka biya, sharuɗɗan kuma suna canzawa, ka karanta kafin ka fara. Scaniverse tana yin lissafinta a cikin wayar, sai dai tana son waya mai ƙarfi. Shawarata ita ce ka ɗauki hotunan da kyamarar wayar kai tsaye, ba ta cikin wata manhaja ba, domin su zama naka. Daga baya a haɗa su a kwamfuta da Meshroom ko COLMAP, duka kyauta ne, ko RealityScan ta kwamfuta wadda a da ake kira RealityCapture, ita ma kyauta ce ga wanda ba babban kamfani ba. Suna gudu sosai ne a kwamfuta mai katin zane na NVIDIA, irin wadda masu haɗa bidiyon biki da ɗaliban zanen gini ke riƙewa. Kuma kada ka tura wa mai kwamfutar hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto. Yana matse su, yana kuma goge bayanan kyamara da ke ɓoye a cikin fayil, waɗanda manhajar ke dogaro da su. Ka kai masa a memori ko ta kebul.

Akwai hanya ta uku da za ka ci karo da ita, za ka ga an rubuta Splat a cikin wasu manhajojin. Asalinta wata dabara ce mai suna NeRF ta 2020, wadda ke koya wa ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta yadda haske yake a kowane gurbi na wuri daga hotuna da yawa. A 2023 masu bincike a cibiyar Inria ta Faransa da Max Planck ta Jamus suka kawo wadda ta fi ta sauri, inda ake cika wurin da miliyoyin ɗigon launi masu laushi kamar feshin turare. Kyanta ya wuce misali, in ka nuna wa gwaggonka za ta ga har tabarmar da ke ƙofa da hasken da ke faɗowa a kanta. Ita ma daga hotuna masu yawa take aiki, saboda haka tana kusa da gaskiya. Amma ba ta da bango mai tauri da za ka ɗora ma'auni a kai cikin natsuwa. Ka yi duka biyun daga hotuna ɗaya: wannan don kallon dangi, raga don magini.

Tsofaffin hotunanka uku kuma suna da ranarsu. Lokacin da aka farfasa manyan gumakan Bamiyan a Afganistan a watan Maris na 2001, masana a jami'ar ETH ta Zurik sun sake haɗa siffar babban daga hotuna uku kacal da wani farfesa ɗan Ostiriya, Robert Kostka, ya ɗauka a 1970. Sai dai nasa da kyamarar awo aka ɗauke su, an san inda aka tsaya da nisan da ke tsakani. Naka mai hoton unguwa ne ya ɗauka, wataƙila shekaru goma tsakanin wannan da wancan. Amfaninsu shi ne su nuna abin da ya riga ya ɓace, zankon da ya karye ko zanen da aka shafe a wani yaɓe. Ka sa a yi musu sikanin a shimfiɗe, a sa kaifin sikanin a 600 dpi, kada a ɗauke su da waya a karkace, kada kuma a bi da su ta manhajar da ke gyara tsohon hoto, domin ita ma ƙirƙira take yi. Wanda ya iya Blender, manhajar zanen 3D, zai jera tsohon hoton a kan siffar da ka auna ya mayar da abin da ya faɗi. Ka ce masa duk abin da ya ƙara ya ba shi launi dabam, yadda jikanka zai san wanne aka gani wanne aka cike.

In an gama, ka buɗe siffar ka auna wuraren nan da ka rubuta a takarda. In bambancin bai wuce santimita biyu ko uku ba, aiki ya yi. In ƙofa ta fito daidai amma tsawon ɗaki ya kauce da taƙi guda, wani wuri ya karkace, ka koma ka ƙara hotuna tun ginin yana nan. Shi ya sa nake so ka fara a makon nan, ka gwada hannunka a kan turmi ko randa yau da yamma, hotuna 40 a zagaye, ka ga yadda abin yake fitowa. A fitar maka da fayil a OBJ ko GLB, a kuma yanka maka shi a kwamfuta a fitar da zanen ƙasa da na tsaye a takarda, da lambobin awo a jiki, domin magini takarda zai riƙe a wurin aiki. Asalin hotunan su ne dukiyar, sun fi siffar da aka haɗa daraja, saboda manhajar baɗi za ta fi ta bana iya karanta su. Ka ajiye su wuri uku, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya kuke ba. In za ka ɗora siffar a intanet, ka duba kada a ga cikin gida ta ƙofar baya.

Ranar rushewa kada ka yi tafiya. Ka tsaya da wayarka, ka roƙi leburori su sassauta in sun zo rufi. Yayin da ƙasa ke zubewa za ka ga yadda aka jera azara a cikin bakan gizo, hawa nawa ce, tsawon kowace, inda aka ɗaure, yadda aka kafa gindinta a bango. Babu kyamarar da ke ganin wannan ta cikin yaɓe, sau ɗaya tak zai bayyana. Ka ɗauka da tef a jiki, ka ware azara biyu ko uku ka adana. In akwai tsohon magini a unguwarku, ko wani daga gidan Sarkin Magina, ka ɗauko shi a babur ya zauna a inuwa yana kallo, ka kunna rikoda ka bar shi ya faɗi sunan kowane abu da ke fitowa.